Haɗarin titi a birnin da ke faɗaɗa: tambayoyi da amsoshi kan Kano

Me ya haɗa haɗarin titi da kiwon lafiyar jama'a?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Waɗanda suka rayu kuwa ba a cika lissafa su ba: mai karaya, mai buguwa a kai, wanda lakarsa ta taɓu ya kwanta har abada. Sau da yawa shi ne mai ciyar da gida.

Me ya sa abin ya fi ƙamari a birni irin Kano?

Gari ya riga titi girma. Titin Zariya da na Maiduguri an yi su ne don motoci masu dogon zango, yau unguwanni sun mamaye su, makaranta a wannan tsallake, gida a wancan. Yaro zai tsallaka dole, tirela kuwa ba ta rage gudu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, yiwuwar mutuwar wanda ta buge a ƙasa ta ninka sau huɗu da rabi. A ganina, nan ne ya kamata hukumomi su fi sa ƙarfi.

Ba an hana acaba ba?

An hana a 2013, saboda tsaro. Adaidaita sahu ya maye gurbi, ana cika shi maƙil, masu baburan kansu kuma da wuya ka ga hular kwano a kansu.

Ɗorin gargajiya fa?

Rashin kuɗi ke kai mutane can, ba na zargin su. Amma ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini, nama ya ruɓe, a ƙarshe a zo Asibitin Ƙashi na Dala a makare, sai yanke hannu ko ƙafa. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce kai tsaye.

Idan na tarar da haɗari, me zan yi?

Kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. Danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, kada a ciccibi mutum ana lanƙwasa masa wuya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin duba mai buƙatar agajin gaggawa.