Kafin a sallami ma'aikacin banki: abin da Yarjejeniya ta 158 ta tanada

A ce an tashi aiki, kashiya ta ƙirga kuɗin da ke hannunta ta ga giɓi. Ta maimaita har sau uku, lissafi ya ƙi fita. Washegari sai ga takardar sallama, ba a ko tambaye ta yadda aka yi ba.

Irin wannan ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta so ta hana da Yarjejeniya ta 158, wadda aka amince da ita a Janiba a 1982, ta fara aiki a 1985. Sashe na 4 ya ce ba a korar ma'aikaci sai da ƙwaƙƙwaran dalili: ko gazawarsa a aiki, ko halinsa, ko buƙatar ita kanta ma'aikatar. Sashe na 5 ya jero abubuwan da ba za su zama dalili ba, ciki har da shiga ƙungiyar ƙwadago, juna biyu, addini, da kai ƙarar mai ba da aiki.

A ganina ƙashin bayanta shi ne sashe na 7: wanda ake zargi da laifi ko gazawa, a ba shi dama ya kare kansa kafin a sallame shi. Wataƙila kashiyar nan ta biya wani kuɗi sau biyu a cikin cunkoso. Wataƙila kwamfuta ce ta shigar da ciniki ɗaya ba daidai ba. Wataƙila kuma ta ɗauka ɗin. Ba a sani sai an zaunar da ita an duba takardu. Idan ba ta gamsu ba, sashe na 8 ya ba ta damar kai kuka kotu ko wata hukumar da ba ta da ɓangare. Sai dai fa yarjejeniyar tana hawa kan ƙasashen da suka rattaba mata hannu ne kawai, kuma ba su da yawa.

To ina ruwan wannan da himmar sauran ma'aikata? Banki yana tafiya ne da ayyukan da ba su cikin takardar ɗaukar aiki: tsayawa bayan an tashi don taya abokin aiki neman giɓi, koya wa sabon shiga, jan hankalin manaja kan sa hannun da bai yi kama da na mai asusu ba. Wani masanin halayyar ma'aikata, Dennis Organ, ya yi dogon bayani a kan wannan ɗabi'a a 1988, kuma binciken Robert Moorman na 1991 ya danganta ta da yadda ma'aikaci ke ganin ana yi masa adalci. Babu dokar da za ta tilasta ta.

Abokan aikin kashiyar ba za su ce uffan ba, amma sun ga abin da ya faru. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da wani ya tafka kuskure a lissafi, sai ya yi ta tunanin yadda zai rufe shi kafin masu bincike su zo.