Wai George Washington ya zama shugaban Amurka tun 1776?

Jama'a, da yawanmu mun taso muna jin cewa Amurka na samun 'yanci a 1776 sai George Washington ya hau kujerar shugaban ƙasa. Ba laifin kowa ba ne, sunansa ne ya fi yawo, amma ba haka abin yake ba.

A lokacin majalisar wakilan yankunan da suka zama jihohin Amurka ce ke riƙe da al'amura, wadda ta fara zama a Philadelphia a watan Satumba 1774 da wakilai 56 daga yankuna 12, Georgia ba ta turo kowa ba. Washington kansa wakilin Virginia ne a ciki, kuma majalisar ce ta naɗa shi kwamandan sojoji a 1775, ita ta buga kuɗin takarda, ita ta tura Benjamin Franklin Faransa neman taimako, amma fa ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi su kawo, shi ya sa sojoji suka sha wahalar rashin albashi sosai. Kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta komai yawan mutanenta.

Majalisar tana da shugaba kam, a 1776 John Hancock ne, sai dai aikinsa jagorantar zama. Washington sai 30 ga Afrilu 1789 aka rantsar da shi, bayan sabon tsarin mulki.

Ku nemi hoton takardar ayyana 'yancin a intanet ku duba sa hannun da ke ƙasa, na Hancock ne babba, na Washington babu, yana New York da sojoji. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman ɗalibai.