Me ake nufi da karatun haɗaka?

Duk lokacin da 3 ga Disamba ta zagayo, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, za ka ji jami'an ilimi a rediyo suna ta ambaton karatun haɗaka, wasu kuma su ce ilimin da ba ya ware kowa. Kada a rikita shi da ilimin bai-ɗaya na hukumar SUBEB. Abin nufi shi ne makaho da kurma da gurgu, da yaron da karatu ke yi wa wuyar shiga, su yi karatu a makarantar unguwarsu, aji ɗaya da sa'o'insu. Sharaɗin kuwa shi ne makarantar ta gyara kanta domin su, maimakon a ce su ne za su san yadda za su yi.

A da, hanya ɗaya ce: a kai yaro makaranta ta musamman, irin ta makafi da mishan suka buɗe a Gindiri a 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano. Sun yi aiki, babu mai musu. Sai dai ba su da yawa, kuma wace uwa ce a ƙauye za ta saki 'yar shekara bakwai da ba ta gani zuwa makarantar kwana a wani gari? Sai yarinya ta zauna a gida, yaro kuma a miƙa masa ƙoƙon bara. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatoci 92 suka amince a Salamanka ta ƙasar Sifen a 1994 cewa makarantun gama-gari su karɓi kowane yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ta mai da karatun haɗaka haƙƙi a sashe na 24, Najeriya kuma ta amince da ita a 2010.

Inda ake yawan ruɗuwa shi ne a ɗauka cewa da an rubuta sunan yaro a rajista an gama. Ɗauki yarinya zabiya a aji uku. Ganinta ba shi da ƙarfi, haske kuma na damun idonta. An zaunar da ita can baya kusa da taga, allon ya koɗe, malam na rubutu ƙanana. Kullum sai ta leƙa littafin ta kusa da ita, a ce satar amsa take yi, ƙarshen zango a kira ta daƙiƙiya. Tana cikin aji, amma darasin bai iso gare ta ba. Gyaran nata ko sisi ba ya ci: a dawo da ita gaba, nesa da hasken taga, malam ya ƙara girman rubutu, ya riƙa karanta abin da yake rubutawa, a ƙara mata lokaci a jarrabawa. Haka yaron da ba ya ji sosai, wanda ke bin leɓen malam da ido. Da malam ya juya ya fuskanci allo yana magana, shi kenan an bar shi a baya.

Wasu gyare-gyaren kuwa sai da kuɗi: littattafan Braille na makafi, mai fassara da maganar hannu, gangara a ƙofar aji domin keken guragu. Sai banɗaki, wanda ba a cika ambata ba a wajen taro. Yaron da ke rarrafe da hannuwa, yaya zai yi da masan makaranta? Wannan kaɗai ya isa ya hana shi zuwa.

A ganina, batun kurame ne ke buƙatar taka-tsantsan. Kurma shi kaɗai a tsakiyar masu ji, babu wanda ya iya maganar hannu, ya fi zama cikin kaɗaici a kan wanda ke makarantar kurame yana hira da 'yan'uwansa. Don haka rufe makarantu na musamman da sunan haɗaka ganganci ne. Gara su zama cibiyoyin da ke taimaka wa sauran makarantu da kayan aiki da ƙwararrun malamai, irin waɗanda kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo da jami'o'in Jos da Bayero ke yayewa. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu: a makarantar allo makaho kan zauna cikin almajirai, a biya masa ya riƙe da ka, har ya haddace Alƙur'ani.

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024, amma har yanzu ba wuya ka ga sabon ginin azuzuwa, fenti bai gama bushewa ba, da matakala uku a ƙofa babu gangara.