Allon Kamanni na Intanet

Allon kamanni shafi ne guda da ake tara hotuna, launuka, salon haruffa da samfurin zane a kansa, domin mai sana'a da mai zanen da zai yi masa aiki su daidaita a kan fuskar da suke so haja ta fito da ita, tun kafin a zana tambari ko a buga takardar da ake mannawa a jikin kaya. Da Faransanci ana kiransa planche de tendances. Amfaninsa na farko shi ne raba gardama, domin idan mai kilishi ya ce yana son tambari "mai daraja", abin da ke ransa da abin da mai zane ya fahimta sukan sha bamban, amma hoto idan an ajiye shi a gaban mutum biyu, abu ɗaya suke kallo.

Asali

Tun kafin zuwan kwamfuta, masu tsara tufafi da masu ƙawata ɗakuna da kamfanonin talla a Turai da Amurka suna yanko hotuna daga mujallu su liƙa a kan kwali tare da ƙyallen yadi. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don kuwa telan da ke buɗe wa mai ɗinki kundin hotuna ya zaɓi wuya da hannu, wannan aikin yake yi. Allon ya koma intanet da fitowar shafin tara hotuna na Pinterest a Amurka a 2010, sannan manhajar zane ta Canva daga Ostireliya a 2013. Manhajoji irin su Miro, Milanote da Figma suna ba mutane da yawa damar gyara allo ɗaya a lokaci guda, ta yadda mai shago a Zinder da mai zane a Yamai ko Kano za su yi aiki tare ba wanda ya hau mota.

Yadda ake haɗa shi

Ana farawa da kalmomi uku ko huɗu da ke bayyana hajar da masu sayenta, misali tsabta, gargajiya da sauƙin kuɗi. Daga nan sai a tara hotuna da yawa, a kuma zauna a tace su har sai abin da ya rage ya shiga shafi guda, kowane hoto da ɗan bayani a ƙarƙashinsa na dalilin da ya sa aka bar shi. Tacewar ita ce aikin, kuma nan ne yawanci ake kasawa, saboda allon da ya haɗa komai ba ya nuna wa mai zane inda zai dosa.

Inda aka samo hotunan ma abin lura ne ƙwarai. Manhajojin nan suna nuna wa kowa abin da ya fi samun karɓuwa a wurin jama'a, shi ya sa tambarin mai turaren wuta yakan fito tamkar na wani kantin da ke wata nahiya. Alhali Damagaram, wadda ita ce babban birnin Nijar har zuwa 1926, tana cike da abin da ido zai ɗauka: zanen da magina suka yi a fuskokin gidajen Birni, dagi da zankwayen soraye, ƙofar fadar Sarkin Damagaram, manyan duwatsun da gari ya zauna a tsakaninsu, ja da ɗorawa da tsanwa na fatar da dukawa ke ɗinka jaka da takalmi da ita, da jerin yadudduka a Kasuwar Dole. Hoto goma da mutum ya ɗauka da wayarsa a waɗannan wurare sun fi ɗari da ya kwaso daga intanet, domin su ne za su sa mai saye ya gane daga ina kayan suka fito.

Launi da haruffa

Ba a barin launi da suna kawai, tunda shuɗi iri-iri ne. Kowane launi yana da lamba mai alamomi shida da ake rubutawa a gefensa, kamar #000000 na baƙi da #FFFFFF na fari. Gilashin waya yana haɗa launi ne da hasken ja, kore da shuɗi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take aiki, don haka launi mai ƙyalli a waya yakan dushe a takarda. Matsalar daidaita launi a wurin bugawa ce ta sa kamfanin Pantone ya fito da tsarin lambobin launi a 1963. A gari irin Zinder akwai ƙarin gwaji, wato rana da ƙurar hunturu da ke cin allon shago, saboda haka ya kamata a buga samfuri a gani da ido kafin a amince.

Haruffa kuma sai an gwada su da Hausa. Yawancin salon rubutu na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai manhaja ta cike gurbin da wani harafi daban ko ta bar ɗan akwati, abin da ke ɓata suna kamar ƙuli-ƙuli a tsakiyar kwali. Salon haruffa irin su Noto, Andika da Charis SIL suna ɗauke da su, tare da wasulan Faransanci masu alama a ka. Wanda zai sa Ajami ya gwada shi a kan allon tun da wuri, don daga dama yake farawa.

Haƙƙin mallaka

Hoton da ke kan allo na dubawa ne, kuma ganinsa a Pinterest ba izinin bugawa ba ne. Haka tambarin wani ba a kwaikwayonsa. Idan aka kammala sabon tambari, ana yi masa rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma Nijar na cikin ƙasashenta 17. Rajista ɗaya tana aiki a dukkan ƙasashen har shekara 10, ana kuma iya sabunta ta.