Waiwaye: gidan dutsen Gore da tsohon garin Maraɗi

Ɗan Maraɗi da ya je Dakar yakan shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore, don ganin gidan da ake kira Gidan Bayi. Iyalin Pépin ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da mata 'yan kasuwa ruwa biyu, waɗanda ake kira sinyar, ke da dukiya da bayi a tsibirin. An ɗora bangonsa da baƙin dutsen wurin, aka shafe shi da launi ja-ja. Kana shiga tsakar gida za ka tarar da matakala biyu sun lanƙwasa hagu da dama, sun haɗu a bene, inda masu gida ke zama suna shan iskar teku. A ƙasa kuwa ɗakuna ne ƙanana masu duhu, tagoginsu 'yan tsagu ne a bango. Tsakanin matakalan akwai wani siririn lungu da ya miƙe har wata ƙofa mai buɗewa kan teku, wadda ake cewa wanda ya fita ta nan ba ya dawowa.

Faransa, mai mulkin tsibirin a lokacin, ta hana bauta a 1848, gidan ya ci gaba da tsufa. Boubacar Joseph Ndiaye ne ya tsaya kansa daga 1962, lokacin da aka mai da shi gidan tarihi, har rasuwarsa a 2009. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 1978. Masana na jayayya kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, da yawansu na ganin an zuzuta adadin. Amma ko jayayyar ma, don gidan na tsaye ne ake yin ta.

Mu a nan, tsohon Maraɗi a cikin fadama yake, gine-ginensa na laka da azara. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye shi, aka hau tudu aka sake gari. Abin da ya saura na tsofaffin gidaje, a nan da su Tibiri da Tasawa, damina na ci, magada na rushewa su zuba siminti. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, sai dai doka ba ta yaɓe. Gidan ƙasa yana son magini kowace shekara kafin ruwa ya sauka, kuma kuɗin maginin har yanzu daga aljihun mai gida yake fita.