Abincin tsami a zangunan Ghana da batun narkewar abinci

Abincin tsami shi ne duk abincin da aka bari da gangan ya kwana ko ya yi 'yan kwanaki har ƙananan halittun da ido ba ya gani suka yi aiki a cikinsa suka canja masa ɗanɗano da ƙamshi. A zangunan Accra irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, da na Kumasi irin su Aboabo da Asawase, da wuya a wuni a gida ba a taɓa irinsa ba, koko da sassafe, fura da nono da rana, daddawa cikin miyar tuwon dare, ga kuma dokunu da banku na ƙullun masara mai tsami da aka koya wajen maƙwabta. Mutane na danganta shi da sauƙin ciki da jin daɗin jiki, wani ɓangare na maganar bincike ya tabbatar da shi wani kuma har yanzu faɗe ne kawai.

Tarihi

Gero, wanda shi ne uwar koko da fura, tsohon hatsi ne sosai a Afirka ta Yamma. Masu tonon tarihi sun samu ragowarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali da aka ƙiyasta shekarunsa wajen 4,500, sannan a Birimi da ke arewacin Ghana an samu wanda ya kai kimanin shekara 3,500. Ana ganin jiƙa shi da barinsa ya yi tsami tsohon abu ne shi ma, domin a ƙasa mai zafi ƙullun da aka ajiye da kansa yake tsami ko ba a so ba, abin da mutane suka koya shi ne lokacin da za a tsayar da shi.

Shigowar waɗannan abinci kudancin Ghana kuwa tana da alaƙa da fataucin goro. Tun wajen ƙarni na 18, wasu na cewa kafin nan ma, ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da sauran ƙasar Hausa zuwa Gwanja a arewacin Ghana ta yau, suna kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi su koma da goro, tafiyar watanni ce a ƙafa da jakuna, kuma babbar kasuwar ita ce Salaga. Mai irin wannan tafiya dole ya nemi guzurin da ba ya saurin lalacewa, to fura da daddawa sun dace da hakan, dawon fura sai a dama da ruwa ko da nono in an ci karo da rugar Fulani, ita kuwa daddawa in ta bushe da kyau tana yin watanni. Baturen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ambaci fura a rubutunsa na tafiya. Itacen ɗorawa ma da ake samun kalwa daga gare shi, sunan kimiyyarsa Parkia an sa shi ne a 1826 don tunawa da matafiyi Mungo Park.

A mafi yawan ƙarni na 19 sarakunan Asante ba su cika barin fatake su gangara har Kumasi ba, a kasuwannin arewa ake tsayar da su. Abin ya canja bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya yi rauni, sai kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da malamai, wasu Karachi (wato Kete-Krachi ta Ghana) wasu Kintampo wasu Yeji wasu har bakin teku. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, yana cikin waɗanda suka koma Karachi. Zangon Kumasi ya bunƙasa ne bayan 1896 da kuma bayan yaƙin Asante da Turawa na 1900. A Accra akwai Hausawa tun kafin nan, har da waɗanda suka yi wa Turawa aikin soja, Sabon Zango an kafa shi wajajen 1910 zuwa 1912 a ƙarƙashin Malam Baƙo, Nima kuma ana danganta farkonta da Malam Amadu Futa, dillalin shanu, a wajen shekarun 1930.

Duk inda zango ya zauna mata ne suka riƙe sana'ar koko da ƙosai da masa da fura, uwa ta koya wa 'ya, kuma da wannan sana'a aka yi wa yara da yawa kuɗin makaranta da kayan aure. Har ta kai sauran ƙabilun Ghana suka laƙaba wa kokon gero mai yaji sunan Hausawa don a bambanta shi da kokon masara. Korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaministan Ghana Busia ta rage mutanen zango sosai amma tukunyar koko ba ta sauka ba.

Masara da rogo kam baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka zo ta hannun 'yan Fotugal, ana kyautata zaton tun ƙarni na 16, don haka dokunu da banku da garin rogo duk ƙannen koko ne a shekaru.

Yadda tsamin ke faruwa

Iri biyu ne manya. A hatsi da madara bakteriya masu yin tsami ne ke cin sugan da ke ciki su mayar da shi sinadarin tsami, tare da yis a wasu lokuta, in tsamin ya yi ƙarfi, wato ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 4.5, yawancin ƙwayoyin da ke kawo gudawa ba sa iya yaɗuwa. Louis Pasteur ne ya nuna a 1857 cewa halittu masu rai ne ke yin wannan aiki. Na biyu shi ne irin na daddawa, wanda a gaskiya ba tsami yake ba, ruɓa ce mai tsari.

Koko

Ana wanke gero a jiƙa shi ya kwana, da safe ko da yamma a tsiyaye ruwan a kai injin niƙa tare da citta, kanumfari, barkono da masoro, wasu na ƙara kimba. In an dawo da ƙullun sai a dama da ruwa a tace da ƙyallen tata a fitar da dusa, a bar shi awa biyu ko uku ko fiye ya kwanta, gasara ta zauna a ƙasa ruwan tsami ya taso sama. Wannan ruwan na sama shi ake tsiyayewa a dafa har ya tafasa sosai, sannan a zuba gasarar ana juyawa har ya yi kaurin da ake so. Gwanintar mai koko a nan take, in ya kwana da yawa tsamin ya kan hau kai har ya sa ƙwarnafi, in bai isa ba kuma a ji shi salam, shi ya sa za ka ga layi a gaban wata Hajiya bayan sallar asuba ana "Hajiya a rage min suga", "Mma a ƙara ƙosai", alhali ta kusa da ita tana zaune da tukunya cike.

Binciken da aka buga a 2004 kan kokon arewacin Ghana ya nuna ruwan tsamin nan kafin a dafa shi yana ɗauke da bakteriya masu rai kusan miliyan 100 a kowane mililita, mafi yawa Weissella confusa da Lactobacillus fermentum. Amma abin da ake yawan mantawa shi ne wuta na kashe su. Kokon da ake sha da zafi ba ya kai masu rai cikin hanji, amfaninsa ta wata hanya ne: jiƙawa da tsami na rage sinadarin fitet wanda ke hana jiki ɗaukar ƙarfe da zink daga hatsi, kuma ƙullun ya riga ya yi laushi. Citta da ke ciki an san tana rage tashin zuciya.

Nono, fura da burkina

Nan ne ake samun masu rai, domin ba a dafa nono bayan ya yi tsami. Ana zuba madara a ƙwarya, sau da yawa da ɗan ragowar nonon jiya, a rufe da faifai ta kwana. In an tafasa madarar tukuna aka bar ta da maiƙonta shi ne kindirmo, in an kaɗe man shanu ya rage tsala. Tsamin na rage sugan madara, kuma bakteriyan na taimakawa wajen narkar da sauran, shi ya sa mutumin da ɗanyar madara ke sa wa kumburi da murɗar ciki yakan sha nono lafiya. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta amince da wannan magana game da yogot mai rai a 2010. Fulani da yawa ma jikinsu na narkar da madara har girma ta gado, abin da ba haka yake ga yawancin mutanen kudu ba.

Burkina, wato gero da aka turara aka haɗa da nono da suga, sunanta daga Burkina Faso ne, kuma ta cika titunan Accra a cikin gora. Da yawa yanzu da madarar gari ake yin ta. Wagashi, wato cukun madara, ba ya cikin wannan lissafi, da ruwan tumfafiya ake daskarar da shi.

Daddawa

Aiki ne mai wahala da cin itace. Ana dafa kalwa awa 12 zuwa 24 har ɓawon ya yi laushi, a surfa a turmi da toka ko yashi, a wanke a fitar da ɓawon, a sake dafawa, sannan a zube ta da ɗuminta a kwando ko ƙwarya a lulluɓe da ganye da buhu kwana biyu zuwa huɗu. Bakteriyan Bacillus subtilis ne ke farfasa furotin ɗin, shi ke kawo warin nan da yauƙi da kuma daɗin da take ba miya, sai a daka a mulmula a shanya. Ruɓar na rage sinadaran da ke sa wake kumbura ciki. Akwai ta waken suya da daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa. Mafi yawan wadda ake sayarwa a kasuwar Nima da Aboabo daga arewa ake kawo ta.

Dokunu, banku da gari

Dokunu masara ce da ake jiƙawa kwana ɗaya ko biyu, a niƙa, a bar ƙullun kwana biyu zuwa uku, a dafa rabi a haɗa da ɗanyen, a naɗe a ɓawon masara in na Ga ne ko ganyen ayaba in na Fante ne. Cibiyar Binciken Abinci ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, a Accra ta daɗe tana nazarinsa. A garin rogo kuwa tsami da matsa da suya ne ke fitar da gubar rogo.

Abin da bincike ya nuna

Maganar cewa nono mai tsami na gyara hanji ta shahara a Turai ta bakin Élie Metchnikoff a 1907, ya danganta tsawon ran manoman Bulgariya da shi, hujjarsa dai ba ta da ƙarfi. A Ghana, binciken Patience Mensah ta cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da abokan aikinta da aka buga a 1990 ya nuna kunun yaye na ƙullun masara mai tsami ya fi wanda ba a tsima ba ƙarancin ƙwayoyin cuta. Sai dai wani gwaji a arewacin ƙasar da aka buga a 2006, inda aka ba yara masu gudawa ruwan tsamin koko, bai nuna ya rage kwanakin gudawar ba, illa iyaye sun ce yaran sun fi walwala bayan mako biyu. Don haka ruwan gishiri da suga da ƙwayar zink suna nan a matsayinsu na maganin gudawar yara.

A 2021 jami'ar Stanford ta Amurka ta gwada manya 36 na mako 10, waɗanda suka yawaita abincin tsami nau'o'in bakteriyan hanjinsu sun ƙaru, alamun kumburi a jini sun ragu. Ƙaramin gwaji ne, kuma da yogot da kabejin Koriya aka yi shi ba da fura ba.

Su bakteriyan hanji abincinsu harza ce ta hatsi da wake da ganye, Hukumar Lafiya ta Duniya na so babba ya samu giram 25 na ta a rana da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. A nan koko na da rauni tunda dusar an tace ta an ba dabbobi, sai ƙosai ko gyaɗa su ɗan cike gurbin, tuwo da miyar kuka ko ayoyo da wake da shinkafa su ƙarasa.

Haɗari

Ɗanyar madarar da ba a tafasa ba na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, tsami kaɗai ba ya isa. Masarar da ta yi fumfuna na da gubar aflatoksin mai cutar da hanta, jiƙa da dahuwa ba sa kawar da ita gaba ɗaya. Ruwan da ake dama fura da ƙanƙarar da ake sakawa su ma hanyar kamuwa da cuta ce. Suga da ake zubawa a koko da burkina matsala ce ga mai ciwon suga, jariri kuma nonon uwa zalla har wata shida, kokon ruwa-ruwa shi kaɗai ba ya ƙosar da yaron da ake yayewa.

Saɓani

Ana cewa daddawa na maganin hawan jini, ba a tabbatar ba. Kan masu gyambon ciki, wasu tsami da yaji na tayar musu wasu a'a. Pito giya ce, ba ta cikin abincin Musulmin zango.

A yau

Ana samun garin koko da daddawar gari a leda da kwalba a shaguna, wasu da rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA.