Ma'anar giɓin ƙwazo a manyan makarantun sakandaren gwamnati na Amurka

Duk wanda ya duba rahoton shekara na wata babbar makarantar sakandare ta gwamnati a Amurka zai tarar cewa ba a tsayawa kan faɗin yawan ɗaliban da suka ci jarrabawa. Ana rarraba sakamakon gida-gida: na farar fata, na baƙar fata, na 'yan asalin Latin Amurka, na 'yan asalin Asiya, na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, na masu buƙata ta musamman, da na waɗanda har yanzu suke koyon Ingilishi. Tazarar da ake gani tsakanin matsakaicin makin wani rukuni da na wani, idan ta ci gaba da bayyana shekara da shekaru, ita ce masana ilimi suke kira giɓin ƙwazo. Ana kuma auna ta da yawan waɗanda suka kammala aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, a kan lokaci, da yawan waɗanda suka samu shiga azuzuwan share fagen jami'a.

Ma'auni ne na rukuni, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Ba ya faɗin komai game da basirar yaro guda, domin a cikin kowane rukuni akwai haziƙai akwai masu rauni, kuma bambancin da ke tsakanin 'yan rukuni ɗaya ya fi wanda ke tsakanin rukuni da rukuni girma.

Batun ya samo asali daga gwagwarmayar neman daidaito. Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata a 1954, sannan a 1966 masanin zamantakewa James Coleman ya fitar da rahoton binciken da gwamnati ta sa shi a kan ɗalibai sama da 600,000, inda ya nuna cewa yanayin gidan da yaro ya fito da kuma irin abokan karatunsa suna da tasiri mai ƙarfi a kan makinsa. Amma dokar ilimi da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Janairun 2002 ita ce ta tilasta wa makarantu bayyana sakamakon kowane rukuni daban, kuma dokar da ta maye gurbinta a 2015, zamanin Barack Obama, ta ci gaba da riƙe wannan sharaɗi. Kafin dokar 2002, makaranta mai ɗalibai dubu uku tana iya nuna kyakkyawan sakamako na bai-ɗaya alhali ɗaruruwan yara a cikinta ba su iya karanta littafin ajinsu ba, ba tare da kowa ya ga sunan rukuninsu a takarda ba. Duk sukar da aka yi wa dokar 2002, kuma da yawa daga cikinta tana da tushe, wannan fallasawar alheri ce.

Ta yaya makaranta take sanin ɗan talaka? An daɗe ana amfani da abincin rana. A tsarin ciyarwa na tarayya, wanda aka kafa da doka a 1946, yaron da kuɗin shigar gidansu bai wuce kashi 130 cikin 100 na layin talauci (adadin kuɗin shiga da gwamnati take ɗaukar wanda bai kai shi ba a matsayin matalauci) ba yana cin abinci kyauta, wanda bai wuce kashi 185 ba kuma a rage masa farashi. Ma'aunin yana da rauni, domin yana haɗa iyalin da ba su da matsuguni da iyalin da ke da aiki amma albashin bai kai ba, kuma tun da aka ba makarantun unguwannin matalauta damar ciyar da kowa kyauta, jihohi da dama sun koma duba sunayen iyalan da ke karɓar tallafin gwamnati. Duk da haka, abin da alƙaluman suke nunawa a bayyane yake. Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya nuna a 2011 cewa tazarar da ke tsakanin 'ya'yan mawadata da 'ya'yan matalauta ta kusan ninka wadda ke tsakanin farar fata da baƙar fata.

Wannan ne ya sa wasu masana suke ganin kalmar giɓin ƙwazo ta ɗora laifi a kan yaro. Masaniyar ilimi Gloria Ladson-Billings ta yi bayani a 2006 cewa abin da ake gani bashin ilimi ne da ya taru tsawon zamunna a kan al'ummomin da aka tauye, wasu kuma sun fi son a ce giɓin dama. Hujjarsu tana da nauyi idan aka tuna cewa kaso mai tsoka na kuɗin makarantun Amurka daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, wato unguwar da gidajenta suke da tsada ta fi samun sauƙin biyan malamai da gina ɗakunan gwaji.

Makarantar sakandare ta Brockton, a kudancin birnin Boston na jihar Massachusetts, ita ce misalin da ya fi koyar da darasi. A wajajen 2010 tana da ɗalibai kimanin 4,000, yawancinsu baƙar fata da 'ya'yan baƙin haure, musamman daga Cape Verde da Haiti, kuma kusan kashi biyu cikin uku suna cikin tsarin abincin rana. A jarrabawar jiha ta 1998, kashi 44 cikin 100 na ɗalibanta suka faɗi Ingilishi, kashi 75 suka faɗi lissafi. Wani kwamitin malamai, cikinsu har da malamar tarihi Susan Szachowicz wadda daga baya ta zama shugabar makarantar, ya riƙa zama ranakun Asabar har ya tsayar da shawara guda: kowane malami, ko na kimiyya ne ko na motsa jiki, sai ya koyar da karatu da rubutu da magana da kafa hujja a cikin darasinsa, da salo iri ɗaya, kuma a riƙa duba rubutun ɗalibai domin a tabbatar ana yi. Ba a rage yawan ɗalibai ba, ba a kuma sauya unguwannin da suke fitowa ba. Bayan kimanin shekara goma, masu bincike na Jami'ar Harvard ƙarƙashin Ronald Ferguson suka sa ta cikin makarantun da suka zama abin koyi, saboda ci gaban da ɗalibanta suke samu a Ingilishi ya zarce na mafi yawan makarantun jihar. Lissafi bai bi sahu da irin wannan sauri ba.

Abin lura shi ne ci gaba aka auna, wato inda yaro yake lokacin da ya shigo da inda ya kai. Makarantar da ke karɓar yara da yawa waɗanda ba su jin Ingilishi matsakaicin makinta yana iya sauka ko da kowane rukuni a cikinta ya ƙara ƙwazo, don kawai yawan kowane rukuni ya sauya. Wanda ya yanke wa irin wannan makaranta hukunci da lamba guda ya zalunci malamanta, wanda kuma ya ce ai yaran ne haka, ya zalunci yaran.

Nasarar Brockton ba ta tsaya inda take ba. Gundumar ilimin birnin ta faɗa cikin giɓin kasafin kuɗi na miliyoyin daloli a 2023, malamai suka yi ƙaranci, faɗace-faɗace suka yawaita, har a watan Fabrairun 2024 mambobi huɗu na kwamitin makarantun birnin suka nemi a turo dakarun tsaron jiha, buƙatar da Gwamna Maura Healey ba ta amince da ita ba. A watan Nuwamban wannan shekarar masu zaɓe a Massachusetts suka soke sharaɗin cin jarrabawar jiha kafin a ba ɗalibi shaidar kammala sakandare. Ana ci gaba da rubuta jarrabawar, kuma dokar tarayya tana nan tana buƙatar Brockton, da kowace makarantar gwamnati, ta bayyana sakamakon kowane rukuni na ɗalibanta.